Murya Ɗaya, Fiyano Ɗaya: Tarihin Gajeriyar Waƙar Arewacin Turai

Ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin Turai suna da wata al'ada da ba ko'ina ake ganinta ba, wato buga hoton makaɗa da mawaƙa a takardar kuɗi. Norwe ta taɓa sa Edvard Grieg a kurona 500, ta sa mawaƙiya Kirsten Flagstad a kurona 100. Danmark ta sa Carl Nielsen a tata kurona 100. Kafin Finlan ta koma kuɗin Yuro, fuskar Jean Sibelius ce a kan marka 100. Suwedan ta daɗe da Jenny Lind a kurona 50, yau kuma Birgit Nilsson ce a kurona 500. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen nan sun riƙe wa al'ummarsu wani abu a zamanin da ba ta da ƙarfin faɗa a ji, kuma babban kaso na abin da suka riƙe ɗin ƙarami ne a ido: waƙa ta minti biyu ko uku, mutum ɗaya na rerawa, wani na kaɗa masa fiyano, ko kuma fiyanon shi kaɗai yana yin aikin murya.

Ba a can aka haifi salon ba. A birnin Biyana ne Franz Schubert ya ɗaukaka shi. Ya riƙa ɗauko rubutattun waƙoƙin sha'iran Jamusanci yana sa musu kari, har ya bar sama da 600 kafin ya mutu a 1828 yana da shekara 31. Sabon abin da ya kawo shi ne fitar da fiyano daga matsayin ɗan rakiya. Idan baiti ya ambaci rafi, za ka ji ruwan na gudu a ƙarƙashin yatsun makaɗin, idan ya ambaci doki ka ji sukuwa. Robert Schumann ya ɗora a kai, Felix Mendelssohn kuma ya zo da gajerun kaɗe-kaɗen fiyano da ya kira waƙoƙi marasa kalmomi. Duk wannan ya zo daidai lokacin da fiyano ke shiga falon masu hali a Turai, 'yan kasuwa da likitoci da malaman coci da manyan ma'aikata. Babu garmaho, babu rediyo. Mai son jin kiɗa a gida sai ya sayi takardar da aka rubuta kiɗan a ciki, 'yarsa ko matarsa ta zauna ta kaɗa. Kamfanonin buga waɗannan takardu su ne kasuwar, manyansu kuma suna Leipzig, garin da Mendelssohn ya kafa makarantar koyon kiɗa a 1843.

To, a wane hali arewa take a lokacin? Norwe ta yi kusan shekara 400 a ƙarƙashin Danmark, a 1814 aka miƙa ta ga sarkin Suwedan, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1905. Finlan ta yi ɗaruruwan shekaru a hannun Suwedan, Rasha ta karɓe ta a 1809, ta riƙe har 1917. Aisalan ba ta rabu da sarautar Danmark ba sai 1944. Ita kanta Danmark ta sha kashi a hannun Furushiya da Ostiriya a 1864, ta rasa yanki mai yawa. In ka cire Stockholm da Kopenhagen, garuruwan ƙanana ne, ba su da manyan ƙungiyoyin makaɗa na dindindin irin na Jamus. Saurayin da ya tsara babban kiɗa na makaɗa sittin a Bergen ko Helsinki yana iya yin shekaru bai ji shi da kunnensa ba. Wanda ya tsara waƙa ta murya ɗaya da fiyano, a daren nan ma sai a rera ta a falon maƙwabci. Rashi ne ya tura su ga wannan salo, amma abin da suka yi da shi ya fi ƙarfin rashi.

Na farkonsu sun bi sawun Jamusawa sau da ƙafa. A Danmark akwai C. E. F. Weyse, daga baya Peter Heise. A Suwedan akwai Adolf Fredrik Lindblad, wanda ya yi sa'ar samun Jenny Lind tana rera waƙoƙinsa, ita da ta zagaye Turai kuma ta girgiza Amurka a 1850. A Norwe, Halfdan Kjerulf ne ya share fage kafin rasuwarsa a 1868. Sai dai a Norwen akwai wasu mutum biyu da aikinsu ya fi tasiri. Ludvig Mathias Lindeman ya bi ƙauyukan kan duwatsu yana rubuta karin waƙoƙin manoma da makiyaya, ya fara buga babban kundinsa a 1853. Ivar Aasen kuma, ɗan manomi da ya koyar da kansa ilimin harshe, ya yi shekaru yana yawo yana tattara karin harshen karkara, domin a lokacin mutumin Norwe da harshen Danmark yake rubutu. Daga abin da ya tara ya gina rubutaccen harshe na ƙasa, wanda majalisa ta daidaita matsayinsa da na harshen Danmark ɗin a 1885. Yau ana kiransa Nynorsk.

A wannan yanayi aka haifi Edvard Grieg a Bergen, ranar 15 ga Yuni 1843. Mahaifiyarsa, Gesine Hagerup, ita ta fara koya masa fiyano. A 1858 shahararren mai goge Ole Bull ya ji kiɗan yaron, ya shawo kan iyayensa suka tura shi Leipzig yana ɗan shekara 15. Can ya kamu da ciwon huhu a 1860, huhunsa na hagu ya lalace, kuma da haka ya rayu har ƙarshe. Ya gama a 1862, ya tafi Kopenhagen, inda dattijon makaɗan arewa Niels Gade ya ce masa ya je ya tsara simfoni, wato babban kiɗa na ƙungiya. Grieg ya tsara, amma daga baya ya rubuta a kan takardun cewa kada a sake kaɗa shi. Bai ƙara tsara wani ba har ya mutu.

Mutum biyu suka juya akalarsa a Kopenhagen. Ɗaya shi ne Rikard Nordraak, saurayi mai zafin kishin ƙasa wanda ya sa wa taken Norwe kari. Shi ya cusa wa Grieg cewa ɗan Norwe ba ya bukatar ya zama ɗan koren Leipzig, akwai kiɗa a gida. Nordraak ya mutu da tarin fuka a Berlin a 1866 yana da shekara 23, Grieg ya tsara masa kiɗan makoki, kuma shi aka kaɗa a jana'izar Grieg ɗin bayan shekara 41. Ɗayan mutumin ita ce Nina Hagerup, 'yar kawunsa, mawaƙiya. Aure ne na zumunci, amma iyaye ba su so shi ba, musamman mahaifiyarta da ke ganin saurayin ba shi da sana'ar da za ta riƙe gida. A lokacin neman auren, a 1864, ya sa wa wasu waƙoƙin Hans Christian Andersen kari, cikinsu har da “Jeg elsker dig”, wadda har yau tana cikin waƙoƙinsa da suka fi yawo a duniya. An ɗaura aure a 1867. 'Yarsu ɗaya tilo, Alexandra, ta rasu a 1869 tana da shekara ɗaya da 'yan kai, ba su ƙara haihuwa ba.

Ba za a fahimci waƙoƙin Grieg ba in an cire Nina. Waɗanda suka ji ta sun shaida muryarta ba babba ba ce, ba irin wadda ke cika gidan opera ba. Ƙwarewarta a furuci take. Tana rera baiti ta yadda kowace kalma za ta isa kunne, kamar mai ba da labari. Shi da kansa ya faɗa wa marubucin tarihinsa na Amurka, Henry Finck, cewa saboda ita ya tsara waƙoƙinsa, kuma ita kaɗai ce take rera su yadda yake nufi. Zaman nasu bai rasa tangarɗa ba. A 1883 ya bar gida na watanni, sai da amininsa Frants Beyer ya shiga tsakani. Bayan sulhun ne suka gina gidansu na Troldhaugen a bakin tafki kusa da Bergen, suka tare a 1885. Tare suka riƙa zagaya Turai, shi a kan fiyano ita a tsaye gefensa, har gaban Sarauniya Biktoriya a fadar Windsor a 1897.

A cikin waƙoƙinsa sama da 150, waɗanda na fi ganin girmansu su ne na harshen da Aasen ya gina. A 1880 ya kammala jerin waƙoƙi daga baitocin Aasmund Olavsson Vinje, ɗan talakawan Telemark da ya riga ya rasu. A cikinsu akwai “Våren”, inda mutum ke kallon ƙanƙara tana narkewa, ciyayi na tsirowa, yana jin a jikinsa watakila wannan ne ganinsa na ƙarshe. Sai an tuna irin hunturun ƙasar, watanni na duhu da sanyi da rana ba ta daɗewa a sama, kafin a gane me ya sa komawar ɗumi ta cika waƙoƙinsu haka. Sannan a 1895 Arne Garborg ya fitar da littafin waƙe mai suna Haugtussa. Grieg ya karanta, abin ya kama shi, ya zauna nan take yana sa wa baitocin kari, ya fitar da guda 8 a 1898. Labarin wata yarinya ce makiyayiya, Veslemøy, mai ganin abin da sauran mutane ba sa gani. Ta haɗu da saurayi a kan tudu, ta so shi, ya yi alkawari bai zo ba. Waƙar ƙarshe tana zaune a bakin ƙorama tana yi wa ruwan magana, fiyano kuma bai daina gudana ba daga farko har ƙarshe. Ba ihu, ba kururuwa. Grieg ya ce su ne mafi kyawun waƙoƙin da ya taɓa tsarawa, ni ma ban ga dalilin yi masa gardama ba. Abin lura shi ne ya san sarai cewa kasuwarsa tana Jamus da Ingila, inda ba mai jin wannan harshe na ƙauye, amma bai fasa ba.

Abin da ya ciyar da gidan kuwa shi ne gajerun kaɗe-kaɗen fiyano da ya kira Lyriske stykker. Guda 66 ne a littattafai 10, na farko ya fito a 1867, na ƙarshe a 1901, kusan tsawon rayuwarsa ta aiki ke nan. Kamfanin Peters na Leipzig, ƙarƙashin Max Abraham, ya sayar da su a ko'ina cikin Turai da Amurka. Da yawansu ɗan koyo na iya kaɗawa, kuma wannan ne ya sa masu ji da kansu suka riƙa yi musu kallon kayan yara. Amma a saurara da kyau. Akwai na malam-buɗe-littafi, na matafiyi shi kaɗai, na tattakin dodannin dutse, na kewar gida, na bikin aure a Troldhaugen. A cikin shafi ɗaya ko biyu sai ya dasa sauti mai kauri a hannun hagu yana ta maimaituwa kamar na gogen ƙauye, ya ɗora kari a sama da wata 'yar karkata da kunnen Leipzig bai saba da ita ba. Akwai kuma wani abu da ya yi mai taɓa zuciya: karin da ya buɗe littafin farko da shi, “Arietta”, shi ya dawo da shi a kiɗa na 66, ya mai da shi na rawa a hankali, ya rufe.

A ƙarshen rayuwarsa ya ƙara matsawa kusa da tushe. A 1891, a duwatsun Jotunheimen, ya ji wata budurwa mai tatsar shanu, Gjendine Slålien, tana rera waƙar rarrashin jariri, ya sa ta a kundin da ya tsara a 1896. Sai kuma wani tsohon mai goge daga Telemark, Knut Dahle, ya riƙa rubuto masa wasiƙa yana cewa kaɗe-kaɗen da ya gada za su bi shi kabari in ba a rubuta su ba. Gogen nasu na Hardanger yana da ƙarin tsirkiyoyi a ƙarƙashin waɗanda ake gogawa, suna amsawa da kansu ba a taɓa su ba. Grieg ya sa Johan Halvorsen ya zauna da tsohon a 1901 ya rubuta kiɗan, shi kuma ya mayar da 17 zuwa fiyano, su ne Slåtter. Kiɗa ne mai kaushi da tsauri, wanda ya ba masu tsammanin zaƙi daga Grieg mamaki. Sai dai a faɗi gaskiya, an yi asara a hanya. Fiyano yana da ƙayyadaddun sautuka, goge kuwa yana da waɗanda ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, kuma waɗannan ba su tsallako ba. Abin da ya tsira a takarda rabin abin ne. Sauran rabin masu gogen Telemark ne suka riƙe shi, daga malami zuwa almajiri, har yau.

A 1899 aka gayyace shi Faris, ya ƙi zuwa, ya faɗa a fili cewa ba zai tsaya a dandalin ƙasar da ta zalunci Kyaftin Alfred Dreyfus ba. Da ya je a 1903 wasu suka yi masa ihu a zaure. A wannan zuwan ne Claude Debussy ya rubuta sharhin da ya kwatanta kiɗansa da alewa mai ruwan hoda da aka cusa wa ƙanƙara. Maganar ta bi Grieg shekaru da dama, kuma ba adalci a cikinta, ga wanda ya ji Slåtter ko Haugtussa. A wannan tafiyar dai ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya kaɗa guda 9 aka sa a faifan garmaho, don haka har gobe ana iya jin hannunsa. Ya rasu a Bergen ranar 4 ga Satumba 1907, yana shirin tafiya Ingila. Nina ta rayu har 1935.

Wata uku kafin rasuwarsa Norwe ta yi wani rashin da ba a cika ambata ba. Agathe Backer Grøndahl, ɗalibar Kjerulf wadda ta ƙaro ilimi a Berlin har ta zauna gaban Franz Liszt, gwanar fiyano ce da George Bernard Shaw ya yaba mata ƙwarai da ya ji ta a Landan. Ta tsara ɗaruruwan waƙoƙi da kaɗe-kaɗe tana renon 'ya'ya, tana koyarwa, ga kurumta da ta kama ta a ƙarshe. An yi sakaci da ita na tsawon lokaci, sai a 'yan shekarun nan masu fiyano suka koma neman takardunta.

A Suwedan, Wilhelm Peterson-Berger ya fitar da Frösöblomster a 1896, gajerun kaɗe-kaɗe game da wani tsibiri a arewacin ƙasar, waɗanda suka shiga kusan kowane gida mai fiyano, duk da cewa shi kansa mai sharhi ne mai kaifin alƙalami a jaridar Dagens Nyheter da makaɗa ke shakka. Wilhelm Stenhammar da Ture Rangström suka kai waƙar Suwedan ƙololuwa.

Danmark ta bi wata hanya dabam, kuma Carl Nielsen ne ya ja ta. Ɗan mai fenti ne kuma mai gogen biki a tsibirin Fyn, ya yi kiwon dinya yana yaro. Ya iya tsara simfoni, ya tsara guda 6, amma a fannin waƙa sai ya ga salon falo ya yi wa talaka nisa. Ya koma tsara kari mai sauƙi da jama'a za su rera tare. A 1907 ya sa wa waƙar Jeppe Aakjær, “Jens Vejmand”, kari. Labarin tsoho ne mai fasa dutse a gefen hanya, wanda da ya mutu ko dutse ɗaya ba a kafa a kabarinsa ba. Waƙar ta bazu a ƙasar kamar wutar daji. Tare da Thomas Laub ya fitar da kundi a 1915 da 1917, sannan a 1922 su biyun da wasu abokan aiki suka fitar da littafin kari na makarantun manya na karkara. Amfanin wannan aiki ya fito a 1940, da Jamus ta mamaye Danmark: mutane suka riƙa taruwa dubbai a fili suna rera waƙoƙin ƙasarsu, mawaƙi Aksel Schiøtz kuma ya zama muryar wannan zamani.

Lamarin Finlan ya fi sarƙaƙiya. Sibelius, wanda duniya ta sani da Finlandia, da harshen Suwedan ya tashi a gida, kuma mafi yawan waƙoƙinsa kusan 100 a wannan harshe suke, da dama daga baitocin Johan Ludvig Runeberg. Suna da duhu da faɗi fiye da na Grieg. A “Flickan kom ifrån sin älsklings möte”, yarinya tana dawowa gida uwa na tambayarta, sau biyu tana kawo uzuri, a na uku ta dawo fuska ba jini ta faɗi gaskiya. Cikin minti uku an gama abin da opera za ta ɗauki dare tana yi. Ƙananan kaɗe-kaɗensa na fiyano kuwa, irin jerin itatuwa na 1914, bashi ne ya sa shi tsara da yawansu, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da kamfaninsa na Jamus. Wanda ya ji na itacen “Granen” zai san bashin bai rage masa daraja ba. Toivo Kuula, wanda ake sa wa rai sosai, harbe shi aka yi a 1918 a ƙarshen yaƙin basasar ƙasar. Yrjö Kilpinen ya tsara sama da 700, amma karɓuwar da ya samu a Jamus ta Hitila ta bar masa tabon da bai goge ba.

Akwai wata mahaɗa da ta cancanci a sani. Marian Anderson, baƙar fatar Amurka da ake hana wa manyan zauruka a ƙasarta, a arewacin Turai ta fara samun cikakkiyar karɓuwa a farkon shekarun 1930. Ta ziyarci Sibelius a gidansa na Ainola, ta koyi waƙoƙinsa ta riƙa rera su. Ranar 9 ga Afrilu 1939, da ta tsaya a gaban ginin tunawa da Lincoln a Washinton bayan an hana ta zaure saboda launin fata, mutumin da ke kaɗa mata fiyano ɗan Finlan ne, Kosti Vehanen.

Da garmaho da rediyo suka shigo, fiyanon falo ya yi shiru, waƙoƙin suka koma hannun ƙwararru. Flagstad ta ɗauki Haugtussa a faifai, Jussi Björling ya riƙa sa waƙoƙin Suwedan da na Sibelius a tarukansa na Amurka. Duk da haka an daɗe ana ajiye su a matsayin ɗan ƙarin da ake yi bayan an gama babban shiri. Wanda ya taimaka wajen sauya wannan kallo ɗan Tarayyar Sobiyet ne, Emil Gilels, da ya ɗauki 20 daga kaɗe-kaɗen Grieg a 1974 da irin natsuwar da ake ba Beethoven. A 1993 faifan waƙoƙin Grieg na Anne Sofie von Otter da Bengt Forsberg ya ci kyautar faifan shekara ta mujallar Gramophone. Leif Ove Andsnes ya ɗauki nasa a falon Troldhaugen, a kan fiyanon Steinway da aka ba Grieg da Nina kyauta a 1892, da aurensu ya cika shekara 25. Gidan ya zama gidan tarihi tun 1928, an gina ƙaramin zauren kiɗa a gefensa a 1985.

Mai karatu da ke son ya ji da kunnensa, duk waɗannan suna intanet. Ya fara da “Arietta” a hannun Gilels, ba ta kai minti biyu ba. Daga nan ya nemi fassarar baitocin Haugtussa ya karanta tukuna, sannan ya ware rabin awa ya saurari guda takwas ɗin a jere, kada ya tsallake ko ɗaya.